Aron Muryar Mai Wuri

"Ke kinka taɓa ta, Basira. Ba wani."

"Yaya, da ni ce ai da ka ji dariyata tun daga zaure. Yaushe ka taɓa ganin na yi ɓarna na iya riƙe baki?"

"To wa yas sa mata wagga magana? Ni?"

"Awo, kai. Ramuwa kaka yi."

Hafizullahi ya dangwarar da wayar a kan tabarma, ya sake danna saƙon. Muryar tsohuwa ta fito, mai ɗan tsagewa kamar ƙwaryar da aka ɗinke. Wani makiyayi ne daga Burkusuma, Wada, ya tambayi abin da zai yi wa ɗan maraƙinsa mai zawo. Tsohuwar ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta yi masa faɗa a kan ruwan kududdufi, ta ce ya nemi malamin dabbobi. Duk wannan daidai ne. Sai ta sassauta murya.

"Ka ce ma yarinyar ta maido min abina."

Wannan tsohuwa ita ce Gwaggo, kuma ba mutum ba ce. Hafizullahi ne ya haɗa ta bayan ya dawo Sabon Birni daga karatun kwamfuta a Sakkwato. Ƙwaƙwalwar ba tasa ba ce, tana can wata ƙasa, ta haɗiye rubutun duniya kaf, shi dai yana jawo ta ne ta intanet. Ƙirƙirarriyar basira ake ce mata, sunan da ya sa Inna ta ce Basira ɗaya ma ta ishi gidan nan, ina dalilin ƙirƙiro ta biyu. Da ya fara sakin abin ga manoma da makiyaya, sai ya riƙa yi musu Hausar makaranta, a miƙe, ba gaisuwa ba gishiri. Suka ce wannan ɗan ina ne, suka kashe waya. Shi ya sa ya zauna ya rubuta mata hali. Tsohuwa ce, Bagobira, mai kaifin baki, ba ta amsa tambaya sai ta tambayi lafiyar gida, ba ta faɗin yawan magani sai dai ta tura ka wurin masu shi. Misalan magana kuwa, da ita muryar, duk daga bakin ƙanwarsa suka fito.

Ita Basira tun tana ƙarama kunnenta tarko ne. In ta ji ka sau ɗaya, ka shiga. Ta taɓa kiran yayan nata a waya da muryar mahaifin budurwarsa, shi kuwa ya durƙusa a tsakiyar kasuwa yana ta "ranka ya daɗe" har jaki ya bi ta bayansa. Saboda haka ba ta ga laifinsa ba da ya zarge ta. Amma ta san ba ita ba ce. Kuma ta san shi da riƙo.

"Ba Wada kaɗai ba," in ji shi. "Wata mata a Turba. Wani mai awo a Isa. Kowa saƙo guda. Na bi halin nan layi layi, babu yarinya ciki, babu abu."

"Sai ka tambaye ta mana."

"Na tambaye ta. Tac ce ba da ni taka yi ba."

Basira ta zuba masa ido tana neman inda bakinsa zai motsa. Bai motsa ba. Shi ma ita yake kallo.

Inna ce ta raba su. Ta leƙo da ƙullin maganin hawan jini, ta ce a kai wa yayarta Iya Safiyatu a Alkalawa, kuma a dawo da sauran rana, don hanyar yanzu ba irin ta da ba ce. Hafizullahi ya miƙa hannu.

"Ba ni wayarki. Ina riƙe da duka biyu. In Gwaggo ta sake wata magana kina bayana bisa babur, sai in yarda."

"In kuma ta yi shiru?"

"Kin kama kanki."

Lokacin kaka ne, dawa ta fi mutum tsawo. Suka isa Alkalawa rana ta karkata. Iya Safiyatu ta dama musu fura, ta karɓi maganinta, ta tambayi kowa da kowa har da akuyar Inna. Sai da suka miƙe ta riƙo gefen mayafin Basira.

"Ke ɗiyan nan. Tsohuwar da kunka sa cikin waya, wace ce?"

"Ba kowa ba ce, Iya. Ni ce."

"Ke ce." Ta saki mayafin. "Matan nan sun bar tambayarta, kin sani?"

Hafizullahi ya juyo. "Don mi? Ta ba da amsar banza?"

"Amsarta lafiya lau. Muryar ce. Tun ina amarya nike jin ta wajen kufai. Mai ita ce ban taɓa gani ba." Ta dubi sama. "Ku tashi. Ku bi ta gefen gulbi, kar ku ratsa."

Suka hau babur, Basira tana tuno inda abin ya faro. A daminar bara ta samo muryar. Tana gonar Iya, kusa da kufan tsohon birni, ta ji wata tsohuwa a bayan dawa tana kiran awaki. Muryar ta yi mata daɗi, ta cafke ta kamar yadda take cafke kowa. Ba ta leƙa ba. Wa ke leƙa tsohuwa mai kiran awaki?

Hanyar gefen gulbi laka ce. Hafizullahi ya dube ta, ya dubi rana, ya ce su mata ne kawai da tsoronsu. Ya ratsa.

Ta san wurin. Tudu ne da ya taɓa zama ganuwa, ciyawa ta cinye shi. Nan suka zo suka naɗi muryar Gwaggo, don babu janareta, babu injin niƙa, babu yara.

Suna daidai tudun babur ya yi tari. Ya sake tari. Ya mutu.

Hafizullahi ya sauka, ya jijjiga tanki. Akwai mai. Ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa.

Rana ta faɗa bayan dawa. Sama ta yi ja, sannan ta fara toka.

Wani wari ya taso. Ba na laka ba, ba na kashin shanu ba. Warin baba ne da toka, irin na marina. Basira ta san babu marina a nan. Ramukan sun cike tun kakannin kakanni.

Can nesa ana daka. Tim. Tim. Tim.

"Akwai gida nan kusa?" ta tambaya a hankali.

"Babu."

Dakan ya tsaya.

Daga aljihun rigarsa murya ta fito, a tsage, a natse.

"Yarinya. Kin iso."

Ya zaro wayar. Ya dubi fuskarta, ya dubi Basira. Ya juyo mata da ita. Babu sabis ko layi ɗaya.

"Ba ta iya magana in ba sabis," ya ce. "Ƙwaƙwalwar ba cikin waya take ba." Idonsa ya ƙanƙance. "Ke ce. Da ciki kike yi. Na taɓa ganin kin yi ma Inna."

"Wallahi Yaya..."

"Guntsi ruwa."

Ya ciro gorar ruwa daga jikin babur. Ta guntsa har kumatunta suka kumbura. Ya tsaya dab da ita yana kallon maƙogwaronta.

"Ka bar ta ta haɗiye," in ji muryar. "Kar ta sarƙe. Ina son wuyan da lafiyarshi."

Ruwan ya zubo ta gefen bakinta.

Yanzu ita ce ta zuba masa ido. Naɗar muryar ya yi tun a gida. Ya san zai sa ta guntsar ruwa. Shi ya zaɓi ratsawa. Shi ya san yadda ake kashe babur. Ta riƙe wannan tunanin da hannu biyu, don shi kaɗai ya rage mata.

"Kashe ta," ta ce. "In ba shiri ba ne, kashe ta in gani."

Ya danna. Fuskar wayar ta yi baƙi. Ya kashe tata ma. Hannunsa na rawa, kuma Hafizullahi bai iya rawar ƙarya ba. Ko a wasan makaranta itace ake sa shi ya zama.

Suka tsaya.

Sauro. Kwaɗi daga gulbi. Ƙarfen babur yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

Sai dawa ta motsa a bayansu. Babu iska.

"Ku kunka kira ni," in ji muryar. Ba daga waya ba.

Basira ta damƙi hannun yayanta. "Yaya," ta raɗa, "abin nan da kas sa ni karantawa bisa tudu. Farkon halin. Mi yac ce?"

"Ba komai ba ne. So nike ta san 'yar gari ce, ba baƙuwa ba."

"Mi ka rubuta?"

Ya ce, "Ke ce mai wurin nan. Duk wanda yak kira ki, ki amsa mashi."

"Mai wuri?"

"'Yar asalin wuri nike nufi!"

Ta rufe ido. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san su wa ake ce wa masu wuri in ba a son kama sunansu. Shi ya daɗe a birni yana tunani da Turanci. Ita kuwa ba ta da uzuri. Ta tsaya a kan tudun nan, ta karanta shi da ƙarfi, da muryar mai shi, ta maimaita har sai da ya ce ya fito, hankalinta duk yana kan tsagewar muryar, ba a kan abin da take faɗa ba.

"Na amsa," in ji muryar. "Ina ta amsawa. Zawon maraƙi. Tsutsar gero. Farashin wake. Safe da maraice. Kun yayyaga min murya kun raba ma makiyaya. Ta suɗe." Dawar ta sake motsi, kusa. "Taki sabuwa ce. Ba ki ma cika amfani da ita ba."

"Hau babur," Hafizullahi ya raɗa. Ya fara Ayatul Kursiyyu yana buga kik. Karatun na fita a guntse, kowace bugu na yanke shi.

"Basira."

Ta datse haƙora. Ba a amsa kira da magariba, kowa ya sani. Amma wani abu ya taso daga cikinta, ya hau ƙirji, ya tsaya a wuya. Na'am ce. Irin wadda aka dasa mata tun tana rarrafe, babba ya kira ka amsa. Tana turo kanta kamar atishawa.

Ba za ta iya hana ta fita ba.

Amma za ta iya zaɓar rigar da za ta sa mata.

"Na'am," ta ce, da muryar mai karanta labaran rediyo, mai kauri, mai ja da baya.

Wani abu ya fizgo daga maƙogwaronta kamar an zare zare mai tsawo. Ta yi tari. Ta laluba inda muryar take zama. Babu.

Can cikin dawa, mai karanta labarai ya yi gyaran murya.

"Ba wagga ba," in ji tsohuwar. "Basira."

"Na'am!" Mai kifin kasuwar Isa, mai hanci.

Fizga.

"Basira."

Mahaifin budurwar yayanta.

Fizga. Ta ɗanɗani jini.

Kik. Kik. Babur ya yi gurnani ya sake mutuwa.

Warin baba ya cika mata hanci. Kan dawa yana sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, yana nufo su.

"Basira."

Malamar lissafi. Mai shayin tasha. Kwandastan motar Shinkafi. Akuyar Inna.

Duk sun tafi. Dawa ta cika da su, suna ta na'am, na'am, a bayan juna.

Ta leƙa cikinta. Wurin da a da yake kamar kasuwa ya zama fili. Saura uku. Tata. Ta Inna. Da ta Gwaggo.

"Basira."

Dab da kunnenta. Numfashi mai sanyi, mai toka.

Ta Inna ce ta fara tasowa. Ta danne ta. Ba za ta bar muryar uwarta a kufai ba.

Na'am ɗin na huda wuya.

Ta suɗe, tsohuwar ta ce. Amma ta cikin waya ce ta suɗe. Wadda Basira ta cafke a bayan dawa tana nan yadda ta ɗauko ta, da tsagewarta, da ɗuminta.

Ta buɗe baki.

"Na'am," in ji Gwaggo.

Komai ya tsaya. Kwaɗi. Sauro. Na'am ɗin cikin dawa.

"Ashe tana nan," aka ce, a hankali, kamar mai ganin ɗan kunnenta a ƙasan tukunya.

Wannan fizgar ta durƙusar da ita.

Babur ya tashi.

Hafizullahi ya finciko ta da hannu ɗaya. Ba ta san yadda ta hau ba. Takalminta guda ya zauna can. Ganyen dawa na dukan fuskarsu, fitila na tsalle, shi yana ta karatu da ƙarfi har ya shiga wata sura bai sani ba. Ba wanda ya waiga.

Sai da suka hangi fitilun Sabon Birni ya rage gudu.

"Basira. Yi magana."

Ta ji tsoron gwadawa.

"Don Allah. Ko zagina ki yi."

"Mai wuri," ta ce. "Da digirinka."

Muryar ta fito siririya, a dushe, ba ta kowa ba. Ya tsayar da babur a gefen hanya, ya kifa kansa a kan hannu.

Washegari ya goge muryar Gwaggo daga duk inda ya ajiye ta. Ya goge layin nan na farko, ya rubuta wani, ya kai wa Inna ta saurara kalma kalma kafin ya sa. Sabuwar Gwaggo ba ta da laifi. Tana gaisuwa, tana tura mutane wurin malamin dabbobi, da wata murya ta na'ura mai santsi. Wada ya aiko daga Burkusuma yana tambaya ko tsohuwar ta rasu ne, a miƙa ta'aziyyarsa.

Basira ta yi kwanaki tana shan ruwan ɗumi da zuma. Da wuyan ya warke ta shiga bayan ɗaki ta gwada. Mai kifi bai zo ba. Malamar lissafi ba ta zo ba. Ta tsaya gaban akuya suna kallon juna, akuyar ta yi kuka, ita ta kasa. Kunnen ma ya daina cafka. Ta Inna tana nan, tana jin ta a zaune can ƙasa, amma ba ta taɓa fito da ita ba. Da tata take magana yanzu, kuma har yau in ta yi sallama daga zaure sai Inna ta ce wace ce.

Wani lokaci takan kama yayanta yana kallon bakinta. Ita ma takan dubi aljihunsa.

Bayan an gama yankan dawa Iya Safiyatu ta zo ganin likita, ta sauka a gidan. Ana cin tuwo ta ce kufai ya canza. In rana ta faɗi sai ka rantse ranar kasuwa ce. Ana cinikin kifi, ana kiran fasinjan Shinkafi, wata na faɗa a kan lissafi, akuya na kuka. Daga baya sai kowa ya yi tsit, wani mai murya mai kauri ya fara karanta labarai. Har cikin gidanta take ji.

Basira ta ajiye loma.

"Iya," in ji Hafizullahi, "ku taso mana. Ku dawo nan. Ba ki jin tsoro?"

Iya Safiyatu ta lashe yatsa.

"Tsoron mi? Ni dai na huta da sayen batirin rediyo. In kun koma ku ce ma tsohuwar ta riƙa sa gaishe-gaishe."